Duƙusa Mai Farar Fuska

Goɗiyar Baba ja ce, ja mai duhu. Ba ta da fari a jiki sai ɗigo guda a leɓen sama, da wani ɗan zobe bisa kofaton baya, wanda sai an wanke mata ƙafa ake ganinsa. Tun ina budurwa take gidanmu a Dakoro. Na yi aure na bar ta, mijina ya rasu na komo da ɗiyata na iske ta a turkenta, ƙarƙashin itacen bedin da ke tsakar gida.

A lokacin ina aikin ungozoma a matanite, asibitin haihuwa. Ƙanena ne ke riƙe da gonaki, don Baba ya tsufa, kunnensa kuma ya yi nauyi, sai an matso an ɗaga murya yake ji. Ya daina hawa tuntuni, amma bai yarda wani ya ba goɗiyar abinci ba. Da safe shi ke zuba mata harawa, da marece ya dama mata dusa da kanwa. In ƙanena ya yi maganar a rabu da ita, sai Baba ya yi kamar bai ji ba, mu kuwa ba mu iya rantsewa cewa ya ji.

Wata ranar kasuwa wani makiyayi daga wajen Bader Goula ya shigo gari bisa ingarma baƙi, mai siririn fari a goshi. Baba ya gan shi, dokin ya yi mashi, aka yi magana aka haɗa shi da goɗiyar. Ba wanda ya ƙara tuna zancen sai da cikin goɗiya ya fito.

Ta haihu a farkon damina, da hantsi. Na sauko daga aiki ke nan, ban ko cire farar riga ba, Baba ya leƙo ɗaki ya ce, "Taho, aikinki ya biyo ki gida." Ƙanena yana gona wajen shuka. Na iske goɗiyar kwance, jikinta sharkaf da zufa. Na durƙusa bayanta kamar yadda na saba durƙusa wa mata. Ƙafafun gaba suka fara fitowa, kofatan farare. Sai hanci ya biyo, fatarsa ja-ja kamar ta jaririn da aka haifa yanzu. Na yage rigar haihuwar da hannuna, na share majinar, sannan na ja da baya don in ga abin da ya zo.

Fuskar fara ce fat har gindin kunnuwa. Ƙafafu huɗu farare har ciki, cikin ma fari, haka bakin wutsiya. Gadon baya kaɗai ne ja irin na uwar. Inda farin ya tsaya kuma a miƙe yake, kamar an kama ta ta baya an tsoma a ƙwaryar nono an ɗago. Da ta buɗe ido na ga shuɗi ne, shuɗi mai haske irin na zanen rini da ya sha wanki.

Baba yana tsugune kusa da ni. Na ga ya miƙe ba tare da sandarsa ba, abin da ya daɗe bai yi ba, ya yi ta ja da baya har gadon bayansa ya taɓa bangon rumbu.

"Ya komo," in ji shi.

Na ɗaga murya na ce, "Mace ce, Baba."

Ya juya. Ya shige ɗakinsa, ranar ko fura bai sha ba.

Kafin azahar unguwa ta ji. Mutane suka yi ta sallama, wai sun zo barka. Dattawan da suka san doki suka tsaya nesa suna gardama. Wani ya ce kili ce, wani ya ce a'a, kili baƙi ko ja ake haihuwarsa, sai da shekaru yake fari, kuma in ka buɗa gashinsa fatar baƙa ce. Wani ya ce danda ce, aka ce danda tabbare-tabbare gare shi, ba a taɓa ganin danda da ido haka ba. Wata maƙwabciya ta ja zane ta rufe fuskar goyonta. Wata ta raɗa mani cewa goɗiyar da ake bari tana kiwo ita kaɗai a bayan gari, ba a san abin da ke kusantarta ba, gara a fitar da abin daga gida tun bai yi wayo ba. Ni dai ban ji tsoro ba. Na sha karɓar haihuwar zabiya daga iyaye baƙaƙe, na san irin wannan kallo da irin wannan raɗa. Na ba su ruwa, na raka su bakin ƙofa.

Duƙusar ta miƙe, ta sha nono, ta yi ƙarfi. Sai dai na lura in uwar ta yi mata haniniya ba ta juyowa, sai uwar ta je ta tura ta da hanci. Na bar abin a raina har ranar da aka yi babban hadari na farko. Da la'asar ne, gabas ta yi baƙi ƙirin. Aka saki wata tsawa da na ji ta har cikin haƙorana. Awaki suka watse, goɗiyar ta fizge igiya ta yi bayan rumbu, ɗiyata ta ƙanƙame ni. Ina leƙowa ta ƙofar ɗaki na ga duƙusar tsaye a tsakiyar gida, ruwa na zuba a kanta, ko kunne ba ta kaɗa ba. Aka sake wata tsawar. Tana nan yadda take, farar fuskar tana haske cikin duhun hadari, idanun a buɗe suna kallon inda nake.

Washegari na gwada ta yadda muke gwada jarirai. Na zagaya ta bayanta na tafa hannu. Na ɗauko tasa na buga da ludayi dab da kunnenta. Ba ta motsa ba sai da inuwata ta faɗa gabanta, sannan ta zabura.

Baba yana zaune bakin ƙofarsa yana kallona. Ya ce, "Kar ki wahal da kanki, ba ta ji. Shi ma ba shi ji."

Na je na zauna kusa da shi, na ce wa ke nan.

Na san Baba yana da wa da ya ɓace tun ba a haife ni ba. Iyakar abin da na sani ke nan, don ba a zancensa a gidan. Ranar ya ba ni labarin, yana magana da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin muryar kansa. Ya ce mahaifinsu yana da ingarma mai wannan fuska, da waɗannan ƙafafu, da wannan ido. Kurma ne, ba ya jin tsawa ba ya jin kira, don haka ba mai iya hawansa sai yayan Baba, wanda ya koya mashi magana da gwiwa da tafin hannu. Wata shekarar fari shanun gidan suka bi Bafillacen da ke kiwonsu zuwa arewa, labarinsu ya yanke. Yayan ya ɗaura sirdi ya tafi nema. Bayan ƴan kwanaki, da rana tsaka, mahaifiyarsu tana daka, ta ɗaga kai ta ga dokin tsaye a turkensa. Sirdi na nan daram. Salkar ruwa na rataye, ba a ko sha rabinta ba. An ƙulla linzamin bisa wuyan dokin, irin ƙullin da mutum ke yi in ya sauka da niyyar komowa yanzu.

"Mun bi sawu," in ji Baba, "har bayan Bader. Can iska ta share shi."

Ba a ga gawa ba, ba a ga riga ba. Mahaifiyarsu ta kasa haɗa ido da dokin, sai mahaifinsu ya ba wani Buzu mai wucewa arewa shi kyauta. Da iyayen suka rasu dangi suka ce a yi wa yayan sadaka, Baba ya hana. Ya ce ba a yi wa mai rai sadakar mutuwa.

"Ita wagga goɗiya," ya nuna ta da haɓa, "jininsa ce. Kakar kakarta ɗiyarsa ce. Tun daga shi ba a sake yin mai farar fuska ba. Na ɗauka abin ya ƙare."

Na ga yana ramewa, sai na roƙi likitan dabbobi na elbaj, ma'aikatar kiwo, ya zo. Mijin wata abokiyar aikina ne, mutum mai haƙuri. Ya zo bisa moto, ya gaida Baba, ya duba bakin duƙusar da cikinta, ya haska idonta, ya ce lafiyarta lau, tana gani sarai. Aka shimfiɗa tabarma, ya zauna dab da kunnen Baba.

Ya ce launin doki gado ne, kuma kowane duƙushi rabi yake ɗaukowa wajen uwa, rabi wajen uba. Akwai wani irin fari da in doki ya gado shi ta gefe guda, wani lokaci ɗan kaɗan yake fitowa, ɗigo a leɓe ko zobe a ƙafa, har a yi ta haihuwa ba wanda ya lura. Amma in uwa tana ɗauke da shi, uba ma yana ɗauke da shi, duƙushin kuma ya ɗauko duka biyun, sai farin ya malale ya ci fuska da ƙafafu da ciki. Ya ce abin da ke sa launi a fata yana da aiki a can cikin kunne. In bai kai can ba, sai a haifi dokin kurma. Ya ce ba irin na kili ba ne, ba kuma irin na zabiya ba, kowanne hanyarsa dabam.

"Ban gwada jininta ba, Baba," ya ce, "ba mu da kayan gwajin nan. Amma alamun duka sun nuna haka."

Ya ciro wayarsa ya nuna mana hotuna. Ga wasu gajerun dawaki masu gashi buzu-buzu tsaye cikin ƙanƙara, a wata ƙasa mai sanyi. Ga wasu ƙosassu na makiyayan shanu a Amirka. Ƙirarsu ba ɗaya ba, girmansu ba ɗaya ba, amma fuskar ita ce, idon shi ne, har layin da farin ya tsaya. Baba ya karɓi wayar da hannu biyu ya kai ta kusa da ido. Ya daɗe yana kallo.

"Su ma ba su ji?"

"Wasu na ji, wasu ba su ji."

Baba ya miƙa mashi wayar. Ya ce, "Baƙin dokin nan daga arewa shike. Can aka kai namu."

Likita ya ce mai yiwuwa ne ƙwarai jinin ɗaya ne ya rabu biyu, ya zo ya sake haɗuwa.

"Na ji, kuma na yarda," in ji Baba. "To mi ya sa sai yanzu, da na kusa tahiya?"

Likita ya ce wannan kam bai sani ba.

Daga ranar Baba ya daina gudunta. Ya koma cin abinci. Bayan la'asar sai ya jawo kujerarsa ƙarƙashin bedi, duƙusar ta zo ta tsaya kusa da shi. Ya koya mata in ya dafa kafaɗarta ta matsa, in ya shafa wuyanta ta tsaya. Na yi murna, na ce magana ta ƙare.

Wani marece ina tsintar shinkafa a faranti, su biyun suna gabana. Baba yana gyangyaɗi, ita kuma ta sadda kai tana tsintar harawa. Sai na ga sun ɗaga kai tare, a lokaci guda, sun juya wajen katangar arewa. Ba wanda ya riga wani. Na saurara, ban ji komi ba. Kaji na ta tonon ƙasa, goɗiyar da ke da kunne lafiyayye tana ta tauna abinta. Su biyun da ba sa ji suka kafe katangar da ido. Can suka sauke kai, shi ya koma gyangyaɗi, ita ta koma harawa.

Na ce haɗuwa ce kawai. Amma abin ya sake faruwa, ya kuma sake. Ba kullum ba, ba kuma lokaci ɗaya ba, sai dai kullum da rana ne, kuma kullum katangar nan ce. Na gaya wa likita. Ya ce kurman doki yana jin motsin ƙasa ta kofato, tsoho ma da ƙafarsa ke ƙasa zai iya ji, wataƙila manyan motoci ne a hanya. Na sa ido, kuma gaskiya ne, wani lokaci bayan sun juya sai in ji ƙugin kamyo, babbar motar kaya, daga nesa. Wani lokaci kuma in jira har a kira magariba ba abin da ya wuce.

Na tambayi Baba, "Mi kake ji in ka waiwaya?"

"Ba ni jin komi. Kunnena ya mutu, kin sani."

"To mi ke sa ka waiwaya?"

Ya yi tunani. "Kamar an zo an tsaya ne bayan katanga. Kamar mai son yin sallama."

Rannan da suka juya na aje abin da ke hannuna na fita da sauri, na zagaya. Lungu ne siriri tsakaninmu da maƙwabta, rairayi da ɓawon gyaɗa. Ba kowa. Na tsaya a daidai inda suke kallo, na ji wurin shiru fiye da yadda na san shi. Na ɗaga kai. Ta wata ɓarakar katanga na ga shuɗin ido guda yana dubana. Na san ita ce, na san ba abin da ke ciki sai dabba da ta ga motsi, amma ban sake zagayawa ba. Ɗiyata kuwa, ba wanda ya gaya mata komi, ta daina ratsa tsakar gida in su biyun suna ƙarƙashin bedi.

Da kaka ta biyu ta zo, an gama ɗaure hatsi, Baba ya ce yana son a kai shi inda sawun ya ɓace, kuma da duƙusar za a tafi. Ƙanena ya ƙi. Ya ce, "Yaya, ki yi mashi magana, wanga tsoho ba shi iya wannan hanya." Na yi magana, Baba ya saurare ni har na gama, ya ce in ba mu kai shi ba zai kama igiyarta ya tafi da ƙafa. Na san zai yi. Na ɗauki hutu a wurin aiki. Ƙanena ya ɗaura wa sa amalanke, muka shimfiɗa wa Baba katifa, aka ɗaure duƙusar a baya.

Mun kwana hanya a gidan wasu dangin mahaifiyarmu. Duk ƙauyen da muka ratsa yara sai su biyo mu su tsaya daga nesa, ba mai ihu. Washegari muka wuce Bader Goula muka yi arewa. Baba ya ce yana tune da wani tudu mai farar ƙaya a kansa, da kwari a gindinsa. Amma inda ya sani daji ne yanzu karan gero ne ko'ina, tuddai kuma duk kama ɗaya. Ya ce mu yi gabas, muka yi. Ya ce a'a, mu koma. Rana ta take, sa ya gaji, ƙarangiya ta cika mani zane. Na ga idon Baba ya kawo ruwa, ya ce bai gane wurin ba, mu juya gida.

Ƙanena ya kwance duƙusar don ya ja ta a hannu, amalanken ya yi sauƙi. Mun ɗan taɓa tafiya, sai ta tsaya. Gefenmu akwai wani lotsattsen wuri, zagayayye, faɗinsa bai wuce ɗaki ba. Tumfafiya ta kewaye shi, tsakiyarsa kuwa ko ciyawa babu. Ƙanena ya ja igiya, ta kafe. Ya dafa kafaɗarta yadda Baba ya koya mata, ba ta motsa ba. Fatar jikinta na ta rawa kamar ƙudaje sun sauka mata, idonta na kan ramin. Na juya in gaya wa Baba, na ga shi ma can yake kallo.

Muna haka wata tsohuwar Bafillatana ta ɓullo daga bayan tudu da ƴan awakinta. Ta yi sallama, muka gaisa. Hausarta ta fita sosai. Ta dubi duƙusar, ba ta nuna mamaki ba ko kaɗan.

"Ashe naku ne," ta ce. "Kun same shi ke nan."

Na ce, "Inna, mun sami wa?"

"Dokin. Yana zuwa nan. Bara na gan shi, bariya ma jikokina sun gan shi. Da rana tsaka yake tsayuwa, daidai inda take tsayen nan, da sirdi a bayansa ba kowa bisa. Yara sun yi ta kira, ba ya waiwayowa. In an matsa sai ya bi bayan tudu."

Ƙanena ya ce tamu ba ta taɓa barin Dakoro ba sai jiya, kuma ba a taɓa ɗora mata sirdi ba. Tsohuwar ta zagaya ta, ta duƙa ta leƙa, ta miƙe.

"Gaskiyarka. Wancan namiji ne."

Baba yana ta jan hannuna yana tambayar mi take cewa. Dole na sa baki a kunnensa na maimaita da ƙarfi, kalma bayan kalma, a cikin dajin nan da ba motsin komi. Da na zo kan sirdin na ji muryata ta dawo mani daga tudu.

Ƙanena ya ce ai likita ya faɗa, jinin yana nan arewa, dokin wani ne ke kuɓucewa. Tsohuwar ta ce hala, ita dai ba ta san mai irinsa ba a rugagen nan, amma daji da faɗi. Na tambaye ta ramin. Ta ce tsohuwar rijiya ce, irin wadda ba a ɗaure ta da siminti ba. Ta rufta ne a shekarar fari, lokacin ita tana amarya. Mutanenta sun tashi da shanu sun bar ta da ɗan ruwa a ƙasa, da suka komo suka iske ta a rufe. Ba su san ko da wani a ciki ba. Tun daga nan dai ba sa sauka kusa, awaki ma ba sa ratsawa.

Wannan ma na maimaita wa Baba.

Ya ce a sauke shi. Muka kama shi ya sauko, ya karɓi buta ya yi alwala, ya zauna a bakin ramin yana fuskantar gabas. Ƙanena ya duƙa ya ce in yana so za a nemo mutane a tona. Baba ya girgiza kai. Ya ce ba mu da tabbas, in kuma shi ne, to ƙasa ta riga ta rufe shi kamar kowa. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa, har da tsohuwar. Sannan ya ce, a hankali, da muryar da na daɗe ban ji ya yi magana da ita ba, "Yaya, mun zo. Mun yi jinkiri."

Ban ga komi ba, ban ji komi ba. Ina ta kallon bayan tudun, ba abin da ya fito. Da muka ɗora Baba bisa amalanke, ƙanena ya ja igiya, duƙusar ta biyo shi kamar ba ita ta kafe ba.

Da muka komo Baba ya sa aka dama fura aka toya waina, aka kira malamai suka yi saukar Alƙur'ani. Ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa kamar jiya aka yi rasuwar. Yawancin masu zuwa ba su taɓa jin yana da wa ba.

Wajen la'asar ɗan kabu-kabu mai moto ya sauke wata tsohuwa daga Korahane, ƙanƙanuwa, da carbi a hannu. Ban san ta ba. Wata gwaggonmu ce ta raɗa mani cewa ita aka yi wa yayan Baba baiko da ita, ta jira har iyayenta suka gaji suka ba wani. Ta gaisa da mata, aka kawo mata fura ba ta taɓa ba. Ta ce da ni, "Ɗiyata, an ce akwai doki. Kai ni in gani."

Na kai ta ƙarƙashin bedi. Ta tsaya gaban duƙusar, ba ta ja da baya ba kamar yadda baƙi ke yi. Ta kwance bakin zanenta ta ciro dabino guda, ta cire ƙwallon, ta miƙa a tafin hannu. Duƙusar ta sunsuna ta ɗauka. Tsohuwar ta ɗora hannu bisa farar fuskar, ta daɗe a haka.

"Na ɗauka na mance kamanninsa," ta ce.

Ban tambaye ta na wa ba. Ta ce a kira mata mai moton, tana son ta isa gida da sauran rana.

Baba ya ƙara damina biyu, sannan ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Duƙusar ta zama goɗiya, tana nan a turken uwarta, ƙanena ke hawanta zuwa gona, ya iya maganar gwiwa da tafin hannu. Ba mu sake komawa arewa ba. Kwanakin baya ƙanena ya gamu da wani mutumin wajen a kasuwar dabbobi, ya tambaye shi labarin doki mai farar fuska. Mutumin ya ce ya sha jin mata da yara suna faɗi, amma shi bai taɓa gani da idonsa ba.